Ina son 'ya'yana, amma wallahi na gaji

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 29, ina aure a Kano, 'ya'yana huɗu: babbar mace ce mai shekara 7, sai namiji mai 5, sai ƙaninsa mai shekara 2 da rabi, sai jaririya 'yar wata 5. Na yi NCE amma ban taɓa aiki ba, maigidana ya fi son in zauna in kula da yara, ni ma a lokacin ban ƙi ba. Yana da shago a Kantin Kwari. Da safe yake fita, ba ya shigowa sai bayan isha'i, in ya tsaya majalisa kuwa sai goma ta wuce. Gidan haya muke, mu kaɗai, ba ni da 'yar aiki.

Anti, tun kiran assalatu nake tashi, ba na kwanciya sai wajen sha biyu, ga jaririya tana tashina cikin dare. Girki, wanki, wanke-wanke, shara, shirin boko da na Islamiyya, duk ni ce. Wata rana sai la'asar nake tuna ban karya ba. Abin da ya fi damuna shi ne na zama mafaɗaciya, abu kaɗan sai tsawa, sai duka. Rannan ƙaramin ya kifar min da miyar da na gama, na dake shi har shatin hannuna ya fito a cinyarsa, daga baya na shiga banɗaki na yi ta kuka. Babbar yanzu ko sunanta na kira sai ta zabura. Tun da na haihu ba na jin daɗin komai, in na miƙe jiri nake ji, ko biki ba na sha'awar zuwa.

Da na yi wa maigida magana sai ya ce, "Ke da kike zaune a gida, me kike yi? Hajiya mu tara ta haifa, ba 'yar aiki, ba gas." Ba mugu ba ne, bai rage mu da ci da sha ba, kuma yana son yaransa. Mahaifiyarsa ta ce in ba ta mai shekara biyun ta riƙe a can garinsu, zuciyata ta ƙi. Mamata ta ce in yi haƙuri, kowace mace haka take yi. Ƙawata kuma ta ce in tattara in tafi gida wata guda ya gane kurensa. Anti, butulci nake yi wa Allah? In ba da yaron, ko in tafi gida, ko in ci gaba da shiru?

Uwar yara huɗu, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya mana su, Ya shirya su. Tambayarki ta farko ita ce mafi sauƙin amsa: ba butulci kike yi ba. Matar da ta daki ɗanta ta koma banɗaki tana kuka, ta kuma zauna ta rubuto tana neman mafita, ba ta raina kyautar Allah ba. Ki lissafa da kanki. Kina kwanciya sha biyu, kina tashi kafin biyar, a tsakani ana tashinki shayarwa. Babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, ke ko biyar ɗin ba kya samu a haɗe, kuma wata biyar ke nan a haka, ba Juma'a ba Lahadi. Duk wanda aka yi wa haka, mace ko namiji, malami ko ɗalibi, zuciyarsa za ta dawo kusa. Don haka kada ki yanke wa halinki hukunci yanzu, ba ki ga ainihin halinki ba sai kin yi barci kin ƙoshi.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki ba maganar maigida ba ce, jirin nan ne da rashin jin daɗin komai. Haihuwa huɗu cikin kusan shekara bakwai, ga shayarwa, ga wuni ba karyawa, abu na farko da ake zargi shi ne ƙarancin jini. Ki duba madubi ki ɗan ja fatar ƙasan idonki, ki dubi tafin hannunki. In sun yi fari fat, alama ce, amma ko ba su yi ba gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Ki je asibitin da kike kai jaririya rigakafi, a wannan makon, kada ki jira ranar da za a ba ta bitamin A na wata shida. Ki yanki kati da sunanki, ki ce a auna yawan jininki, a duba hawan jini, a duba zazzaɓin cizon sauro. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini ki shanye ta har ƙarshe, ko da ta sa bayan gida ya yi baƙi, haka take yi. A tukunya kuma ki yawaita zogale, alayyahu, wake, ƙwai, da hanta in ta samu. Kuma ki riƙa zuba naki kokon tare da na yara, ki sha a tsaye in ta kama. Uwar da ke shayarwa ba ta jiran sai kowa ya watse sannan ta ci kanzo.

A wurin nan dai, ki buɗe baki ki gaya wa nas ko likita sauran abin da kika gaya min: kukan, fushin, ƙin shiga mutane. Akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa yana taɓa kusan mace ɗaya cikin biyar. A wajenmu akan ce wa mai shi ta cika mita, ko a ce iska ce, ko raunin imani. Ciwo ne, yana da magani, wani da zama a yi magana kawai yake warwarewa, wani sai an haɗa da ƙwaya, kuma akwai wadda mai shayarwa ke iya sha. Ba ina ce miki kina da shi ba, daga nesa ba zan iya sani ba. Amma ƙuncin da ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, ya cancanci likita ya ji shi. In ƙaramin asibitin ba su da mai duba wannan, za su tura ki gaba, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai sashensa. Addu'arki da azkar ki ci gaba da su, ba sa hana magani, magani ba ya hana su. Idan kuwa wata rana tunanin cutar da kanki ko jaririyar ya zo miki, ko kika ji da ma ba ki raye, wannan ba abin kwana da shi ba ne. A ranar ki gaya wa maigida ko Mama, a ranar a kai ki asibiti.

Yanzu maganar duka. Ba zan ce miki ba komai ba, don ke ma kin san da komai. Yaro ɗan shekara biyu da rabi bai san darajar miya ba, bai san nawa aka sayi tumatir ba, abin da ya gani shi ne tukunya a inda hannunsa ke kaiwa. Ki gode wa Allah miyar ba ta kife a jikinsa ba, daga yau kuma tukunya mai zafi, da ruwan zafi, da kananzir, da bokiti cike da ruwa, su tashi daga ƙasa ko a rufe ƙofa a kansu. Dukan da ya bar shati bai koya masa komai ba sai tsoronki. Abin da nake so ki riƙe shi ne daƙiƙun nan kafin hannu ya tashi. Kin san su: ƙirji ya ɗau zafi, kunne ya toshe. Da kin ji haka, ki ajiye jaririya a kan katifa a ƙasa, inda ba za ta faɗo ba, ki fita tsakar gida, ki zauna. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Su yi ta kukansu na minti biyar, ba abin da zai same su. Abu biyu ne kawai nake roƙonki kada ki taɓa yi komai gajiya: jijjiga jaririya da ƙarfi don ta yi shiru, domin yana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarta, da ɗura wa yara maganin mura don su yi barci. Na san ana yi, ana ma ba wa juna shawarar a gidan suna. Ganganci ne.

Babbar 'yarki ta fi ba ni tausayi, don ita ce ba ta kifar da komai amma take zabura. A gida irin naku 'yar fari kan zama ƙaramar uwa ba tare da kowa ya yi niyya ba: riƙe min ita, ɗauko min famfas, me ya sa kika bar shi ya fita. Aike da share ɗaki da tattara kwanuka duk daidai ne da shekarunta, tarbiyya ce. Amma kada laifin ƙannenta ya zama nata, kada a bar mata goyo kusa da wuta. Ranar da za ki yi mata kitso, ki sa ta a gabanki ku biyu kawai, ki ja ta da hirar makaranta, wace ce ƙawarta, wane malami ne mai faɗa. A cikin hirar ki ce mata, "Kwanakin nan Umma ba ta jin daɗi ne, ba ke kika yi laifi ba." Girmanki ba zai zube ba. Yara suna saurin dawowa in sun ga fuska ta sake.

Sai maigida. Maganar da ya faɗa ta yi zafi, kuma ba daidai ba ce, amma mu duba ta inda ta fito. Mutumin nan yana fita ya bar yara an yi musu wanka, ya dawo ya tarar sun yi barci, abincinsa na cikin kula, ɗaki a share. Bai taɓa ganin ƙarfe bakwai saura kwata ba, lokacin da mai adaidaita sahu ke danna hon a ƙofar gida, safa ɗaya ta ɓata, ɗan shekara biyar ya ce shi ba zai sha kokon ba sai da ƙosai, ƙaramin ya tuɓe wando ya yi a tsakar ɗaki, jaririya na tsala ihu a bayanki. Bai taɓa ganin tsakanin la'asar da isha'i ba, sa'ar da kowa ke jin yunwa da rigima lokaci guda. Ƙwarewarki ce ta ɓoye masa aikinki. Shi ma kuma yana da nasa: tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kaya da na mota da na haya suka tashi, ɗan kasuwa na wuni yana lissafin da ba ya fita. Namiji a wannan hali in ya ji "na gaji", sau da yawa abin da kunnensa ke ji shi ne "ka gaza", ko "kawo kuɗi", sai ya kare kansa da abin da ya fi kusa da bakinsa, wato mahaifiyarsa.

Gaskiya ne Hajiya ta haifi tara, kuma ta sha wahalar da ke ba ki sha ba: surfe, daka, jan ruwa a rijiya, hura icce da damina. Kada ki taɓa raina wannan, balle a gabansa. Amma a wane irin gida ta yi renon? A yawancin gidajen da, akwai abokiyar zama da ake karɓa-karɓar girki da ita, akwai faccaloli, akwai kaka, akwai ƙannen miji da 'yan riƙo. Mai jego tana samun dattijuwar da za ta zauna da ita har arba'in. In yaye ya zo a kai yaro wajen kakarsa. Yara na wuni a tsakar gida da ƙofar gida, idon kowa a kansu. Ba yunifom kala biyu, ba aikin gida da malami zai ba yaro uwa ta zauna yi. Aikin ya fi nauyi amma hannuwa sun fi yawa, kuma mace ba ta wuni ba ta yi magana da babba ɗan'uwanta ba. Ke an ba ki gas da famfo, an ɗauke miki mutane. Wannan bayanin in ya fito daga bakinki zai zama gardama. Ki bari sai ranar da kuka je gaishe ta, ko ta zo, yana zaune, ki tambaye ta cikin ladabi da raha: "Hajiya, wai lokacin da kike goyon su Abban yara, wa ke kama miki?" Tsofaffi suna son wannan tambayar. Za ta jero sunaye, wance da wance da marigayiya wance, shi kuma yana ji.

Ta fuskar addini ma ba roƙon alfarma kike yi ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an faɗa cewa miji in yana da yalwa, a kansa yake ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Nana Faɗima ma ta koka da abin da dutsen niƙa ya yi wa hannunta har ta je neman mai aiki, aka koya musu tasbihin kwanciya barci, kuma mijinta Sayyidina Ali ne ya ba da labarin. Akan kawo wannan hadisin don a ce wa mace ta yi shiru, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne ba wanda ya ce mata me take yi a gida. Sai dai ban ba ki waɗannan don ki je ki yi masa wa'azi ba. Ki san su don zuciyarki ta daina tuhumar kanki.

Yadda za ki sake tayar da maganar shi ne muhimmi. Ba a bakin ƙofa ba, ba yana cire takalmi ba, ba kuma ranar da kika wuni a fusace ba. Ki bari ya ci ya sha, ki fara da abin da ke gaskiya, cewa kin san ƙoƙarin da yake yi, kin san kasuwa ba daɗi. Daga nan ki gaya masa jirin, ki gaya masa abin da ya faru ranar miyar, ki ce kina tsoron abin da gajiya ke sa ki yi wa 'ya'yansa. Uban da ke son yaransa zai saurari wannan fiye da "na gaji". Sannan kada ki ce "ka riƙa taimaka min", wannan ba ta da kai ba ta da gindi, zai ce to, gobe a koma gidan jiya. Ki roƙi abin da za a iya ƙirgawa. Ya raka ki asibiti, don abin da nas za ta faɗa masa a minti biyu ya fi abin da za ki yi wata kina faɗa. A ba wa mai wanki manyan kaya, zannuwan gado da kayansa da yunifom. Dare biyu a mako ya haƙura da majalisa, ya shigo da wuri ya karɓi manyan, ya ji karatunsu, ya kwantar da su. Ban ce ya bar majalisa ɗungurungum ba, can ne shi ma yake sauke tasa gajiyar, in kika nemi duka za ki rasa duka. Ga kuma safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, ba fita kasuwa da wuri. Ki ce a ranar yaran uku nasa ne har a buɗe hanya, ke ki ja ƙofa ki kwanta da jaririya. In kin fito kin tarar an zubar da sukari, an sa wa ƙaramin riga a bai-bai, ki yi shiru, ki ce sannu da aiki. In kika gyara masa ba zai sake ba.

Idan kin yi haka sau ɗaya, sau biyu, ya toshe kunne, sai ki nemi wanda yake jin nauyinsa kuma mai rufa asiri: yayarsa, ko kawunsa, ko wanda ya yi masa walicci. Mutum ɗaya, ba taro ba, ba kuma a waya a gaban duniya ba.

Game da mai aiki, ki nemi babbar mace a unguwa, wadda za ta zo da safe ta yi wanke-wanke da shara da wankin yara ta tafi, ko da kwana uku ne a mako. Abin da ba na so shi ne a ɗauko miki 'yar shekara goma daga ƙauye. Yarinya ce ita ma, reno take bukata, kin ƙara ta biyar ke nan, ga hakkin karatunta a wuyanku, ga shi a halin da kike ciki ita za ta riƙa shan faɗan. In kuɗin bai kai ba, ki duba maƙwabciyar da kika yarda da tarbiyyar gidanta, ku yi musaya: yau ta riƙe miki ƙaramin awa biyu, jibi ki riƙe mata nata.

Akwai kuma aikin da ke da kanki za ki sallama. Gidan da ke da yara huɗu ba zai yi kama da ɗakin amarya ba, wanda ya zo ya ga takalma a warwatse ya san da mutane a ciki. Girki sau biyu ya isa, na rana ya kai dare, ko a yi miyar kwana biyu a riƙa tafasa ta in wuta ba ta zama balle firji ya yi sanyi. A kai markaɗe mai yawa lokaci ɗaya a soya a ajiye. Guga ta tsaya a yunifom. Jaka da safa da takalmi a haɗa su tun dare a wuri ɗaya, babbar da mai bi mata za su iya wannan da kansu. Ki ja lokacin barcin yara ya dawo bayan isha'i kaɗan, masu shekarun ƙaraminki suna bukatar awa 11 zuwa 14 a kwana har da na rana, kuma rabin rigimar yamma rashin barci ne. Sa'ar da manyan suka tafi Islamiyya, ƙananan suka kwanta, wannan ba lokacin wanki ba ne, lokacin barcinki ne. Na san hannu zai kai kan waya, don ita ce kaɗai tagar da kike leƙa duniya, ban hana ki ba, amma ki fara rufe ido tukuna.

Tayin Hajiya kada ki ɗauke shi da wata manufa. Ta ga kin jigata, ta miƙo irin taimakon da ta sani, kuma riƙo ya raya mutane da yawa a ƙasar nan. Amma ina bayan zuciyarki a wannan karon. Yaron nan wata biyar ke nan da aka sauke shi daga cinya aka ɗora wata, rabin ɓarnar da yake yi neman idonki ne. In aka ɗauke shi yanzu aka kai wani gari, ga sabuwar ƙanwa ga rabuwa, abin zai yi masa yawa, ke kuma za ki samu sauƙin hannu ki rasa na zuciya. Amsar ta bi ta bakin ɗanta, da godiya mai yawa: a bari ya ƙara wayo. Sai ku juya tayin. Hajiya ta zo ta yi muku mako biyu ko uku, in zamanku da ita mai daɗi ne, ko kuma in an yi hutun makaranta manyan biyu su je mata, su sun isa su faɗi abin da ke damunsu, kuma za su ji daɗin garin. In daga baya kuka ga ƙaramin zai je, a sa ranar dawowa tun kafin tafiya, a san wa zai riƙa binsa in Hajiya ƙarfinta ya ragu, a haɗa shi da gidan sauro da katin rigakafinsa.

Shawarar ƙawarki kuwa, ta faɗa ne don ta ji haushi a madadinki, amma yaji ba zai ba ki abin da kike nema ba. Ranar da kika fita ba izini, magana ta tashi daga gajiyarki ta koma kan fitarki. Za a yi biko, manya su zauna, a ba ki haƙuri a kuma ba ki laifi, ki dawo ki tarar da wankin wata guda. Ga makarantar yara, ga shi duk inda kika je da su huɗun za ki tafi. Abin da kike bukata ganin gida ne, da yardarsa, shi zai kai ki ya ɗauko ki, mako ɗaya ko kwana goma a lokacin hutu, inda za a karɓi yaran ki yi barci. Da a ce duka yake yi, ko ya hana ki zuwa asibiti, da amsata ta canza, amma ba haka kika ba ni labarinsa ba.

Mama kuma da ta ce haƙuri, abin da aka ce mata ke nan a nata lokacin, kuma tana tsoron kada aurenki ya girgiza. Ba ta san zurfin abin ba, don na tabbata in ta kira cewa kike yi lafiya lau. Ki gaya mata jirin da kukan, ki ba ta aikin da za ta iya: ta turo miki ƙanwarki ko wata 'yar'uwa babba a ƙarshen mako, ko ita ta zo ta kwana biyu. Uwa in an ce mata ga abin yi, takan tashi.

Saura magana ɗaya da ba ki tambaya ba amma ba zan tsallake ta ba. Jaririyarki tana wata biyar. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Kin ga kariyar ta kusa ƙarewa, in ma ba ta ƙare ba. Likitoci suna ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, don jinin uwa ya dawo, Alƙur'ani ma ya ambaci shayarwar shekara biyu cikakku ga mai son cikawa. Sahabi Jabir ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje don kada ciki ya shiga, alhali Alƙur'ani yana sauka, shi ya sa malamai da dama suka halatta tazara in ma'aurata sun yarda, musamman don lafiyar uwa. A asibitocin gwamnati akwai sashen tazarar haihuwa, akwai allurar wata uku, akwai ashanar fata, akwai robar mahaifa, akwai ƙwayar da ta dace da mai shayarwa. Kowace tana da nata sharaɗi da nata laulayi, su za su duba ki su faɗa miki. Ki sa wannan cikin abin da za ku tattauna da maigida, shi ya sa ma na so ya raka ki. Ciki na biyar a kan wannan jikin, a wannan shekarar, shi ne abin da nake jiye miki.

Takardarki ta NCE tana nan, ba ta ruɓewa. In jaririya ta yi ƙafa, jininki ya dawo, za mu yi maganar darasin yamma ga yaran maƙwabta ko wata sana'ar cikin gida. Yanzu ba lokacin ƙara kaya ba ne. Abin da zan so ki nema tun yanzu shi ne Islamiyyar matan aure ta ƙarshen mako, ko don ki zauna cikin manya ki ji ana kiranki da sunanki.

Ki fara da asibitin, kafin Juma'a in Allah Ya yarda. Ki sake rubuto min ki gaya min abin da gwajin ya nuna, da abin da Abban yara ya ce.